Na Tasa Ƙeyar Ƙanena Ya Janye Ƙaryarsa

Ƙanena ba mutumin addu'a ba ne. Tun muna yara a Gusau, in aka shiga coci shi ke rigan kowa zuwa bencin bakin ƙofa, inda iska ke kaɗawa, kafin Fada ya kai rabin wa'azi ya yi nisa a barci. Ya girma ya zama direba, yana jigilar kaya da akori-kura tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, furfura ta fara fito masa a gemu, aure bai yi ba, halin kuma bai sake ba. Saboda haka ranar da na same shi a tsakar gidana, cikin azuminmu na gab da Ista, zaune da carbi yana ja kamar wanda aka ba kwangila, sai na jingine tsintsiya na tsaya kallonsa.

Na ce, "Lahiya dai?"

Ya ce, "Yaya, addu'a ma laihi ce?"

Na ce a wurin wasu ibada ce, a wurinsa kuwa alamar ciwo ce. Na zuba masa tuwo ya kasa ci, shi da ba a barin tukunya kusa da shi. Daga nan na san akwai magana, ni kuwa na yi shekaru ina koyarwa, na san yadda ake jiran mai laifi har ya gaji da shirun kansa.

Kafin in faɗi abin da ya fito daga bakinsa, sai na yi bayanin 'yata. Ba ni na haife ta ba. 'Yar Tsafe ce, ni na riƙe ta ranar baftismarta, lokacin ina koyarwa a can, kuma ni na tsaya mata a matsayin uwar aure ranar da aka ɗaura aurenta a coci. A wurinmu Katolika wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. In gidan ya yi daɗi a manta da ke, in ya ɗauki zafi ke za a fara nema. Mijinta mai walda ne a Gusau, aminin ƙanena tun na ƙuruciya. Kafin auren, kullum azahar kwano ɗaya suke sa hannu a bakin shagon waldar, har mutane na tsokanarsu wai su ne mata da miji.

Yarinyar tana da hannun sana'a. Fura take damawa, irin wadda ma'aikatan sakatariya ke aiko yara da kwanuka tun hantsi. Nonon kuwa ba ta yarda da na kasuwa, sai ta je da kanta wata ruga a wajen Furfuri, wurin wata tsohuwar Bafulatana da suka saba. In ta cika jarkokinta, ɗan tsohuwar ya ɗauko ta a babur ya kawo ta bakin titi ta hau mota. Babu wanda bai san haka ba. Mijin da kansa ya sha kai ta tasha.

Sai ga shi wata rana ta iso gidana da 'yar jakarta, idanu sun kumbura, wai ya ce ta tafi gidan ubanta. Na ɗaura gyale na je shagonsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna masa abin da ya ɗauka a gaban bagadi. Bai ko kashe injin ba. Abin da kawai na samu daga gare shi shi ne, "Mama, wanda ya hwaɗa mini bai taɓa yi mini ƙarya ba." Ya ƙi faɗin ko wane ne. Kafin mako ya zagayo magana ta cika coci: wai ba nono kaɗai ke kai ta ruga ba, wurin ɗan tsohuwar take zuwa.

Wanda ba ɗan cocinmu ba zai ce to, sai a rabu mana, kowa ya kama gabansa. Mu babu saki. Auren da aka ɗaura ya ɗauru har mutuwa. Don haka yarinyar nan ta koma Tsafe ta zauna a ɗakin uwarta, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ga kuma suna ya ɓaci. Ta daina dama fura. Ta daina zuwa Misa, don ta ce ba za ta iya tashi karɓar Jibin Ubangiji idanun mata na bin bayanta ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, tana nan. Duk zuwan da na yi sai na tarar ta ƙara ramewa, ni kuma in komo Gusau zuciyata na tafasa, ban san wanda zan kama ba.

Ashe wanda zan kama yana cin tuwona duk Lahadi.

Ya ce, kansa a ƙasa, "Yaya, ni na hwaɗa mishi. Ban ga komi ba. Ƙarya na yi."

Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Da a ce wani ne daban, da na san zagin da zan yi. Amma wannan ni na goya shi, ni na wanke masa gyambo. Na tambaye shi inda ya kai maganar. Ya ce mijin ya fara faɗa wa, sannan ya maimaita a tashar Bungudu cikin direbobi, sannan ya tsegunta wa wani ɗan'uwan ubanta a Tsafe. Sai ya yi sauri ya ƙara da cewa ai ya riga ya je ikirari, ya faɗa wa Fada duka, an yi masa gafara.

Na ce, "Mi Fada ya ce ka yi?"

Ya ce, "Ya ce in gyara abin da na ɓata."

"Ka gyara?"

Ya ɗaga carbin ya nuna mini. Wai ya ƙara yawan rosari, safe da yamma, har a cikin mota. Wallahi da ba don baƙin cikin da nake ciki ba da na yi dariya. Mutum ya rushe gidan wani da bakinsa, sannan ya zauna a inuwa yana jan carbi, yana jira ginin ya tashi da kansa. Kuma ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba. Da yawa a cikinmu mun ɗauka in an durƙusa a gaban Fada an fito, to magana ta ƙare, tun da an san bakin Fada a rufe yake.

Washegari na tafi gidan Fada. Niyyata ya kira mijin ya gaya masa gaskiya, a huta. Na same shi a bayan gida yana watsa wa zabinsa dawa. Na zayyana masa komai, na ce ai shi ma ya sani, tun da a kunnensa aka faɗa. Bawan Allahn nan ya dube ni kamar na yi masa Faransanci. Ya ce zabin nan sun fi kaji wahalar kiwo. Na sake ɗauko maganar ta wata hanya, ya ce ƙwansu dai ya fi daɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce masa yarinya na can tana lalacewa shi yana lissafin zabi. Bai ji haushi ba. Da ya rako ni bakin ƙofa sai ya ce, "Malama, abin da anka hwaɗa a ikirari ko da wuƙa a wuyana ba ya hita. Amma in koyarwar coci kike tambaya, wagga kowa na iya ji. Wanda ya ɗauki akuyar wani, ba a ce mishi ya yi addu'a ya ci gaba da riƙon akuya. Suna ma haka. Inda ka ɓata shi, nan za ka koma ka maida shi."

A hanya na huce. Na gane ba zai ɗauke mini aikin ba, kuma daidai ne kada ya ɗauke. Bakin da ya yi ɓarnar shi ne zai yi gyaran. Nawa aikin shi ne in tabbata bakin ya isa duk inda ya kamata.

Lokacin da nake koyar da adabi a sakandare, na sha karanta wa ɗalibai tsofaffin wasannin kwaikwayon nan da kishi da cin amana ke ƙarewa da gawawwaki. Yara na son su, ni ma ina so. Amma ko a lokacin akwai abin da ke damuna: kowa ya mutu ya huta, an ja labule, an tafa. Babu wanda aka sa ya wayi gari ya koma kasuwa ya tsaya gaban mutanen da suka san shi ya ce, jama'a, ni maƙaryaci ne. A ganina mutuwar cikin wasa ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Addinina bai ba mai ƙazafi wannan mafitar ba, ni ma ban yi niyyar ba ƙanena ita ba.

Da na ce masa ya tashi mu bi duk inda ya kai ƙaryar ya janye ta, sai ya yi ta kawo dalilai. Taya ta yi sanyi. Hanya ba lafiya. A bari Ista ta wuce. Na ce hanya dai ita ce yake bi kullum da buhunan mutane, kuma da hantsi za mu fita mu dawo kafin la'asar kamar kowa. Na gaya masa in bai tashi motar ba, zan hau ta haya in je in faɗa da bakina, in ce ƙanena ne ya yi, kuma tsoro ya hana shi zuwa. Wannan ce ta tashe shi.

Muka fara da rugar. Tsohuwar na zaune gindin wata bishiya tana wanke ƙore, ɗanta na daga gefe yana ɗaure ɗan maraƙi. Ta san ni, don na taɓa rako 'yata. Muka gaisa, ta sa aka kawo mana nono, na ce a dakata da shi tukuna. Ƙanena ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi, muryarsa kamar ta mai mura. Ashe maganar ta daɗe da iso musu. Saurayin ya daina shiga Gusau gaba ɗaya, don a wannan zamanin kalma ɗaya a kan ɗan Fulani na iya jawo abin da ba a zata ba. Ni ban ma yi tunanin wannan ɓangaren ba sai a ranar.

Tsohuwar ta saurara har ya gama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mun ji. Amma ba nan ka hwaɗa ba, mu nan mun san ɗanmu. Can tasha ka hwaɗa."

Na ce, "Inna, can muka nuhwa."

Ta ce to ɗanta zai bi mu ya ji da kunnensa. Haka muka shiga Bungudu, mu a gaba, shi a baya kan babur ɗin nan da aka yi ƙaryar a kansa.

A tasha direbobi na zaune rumfar mai shayi. Suka tare ƙanena da ihu da tsokana yadda suka saba, sai suka gan ni a bayansa da gyale da jakar hannu, suka ga saurayin, suka bar tsokanar. Ya fara da kewaye-kewaye, wai akwai wata magana da wataƙila ba a fahimce shi ba. Na ce daga bayansa, "An hwahimce ka sarai. Hwaɗi yadda ka hwaɗa mini." Ya faɗa. Ya ce matar amininsa ba ta yi komai ba, yaron nan bai yi komai ba, shi ya ƙirƙira. Wani ya yi dariya, wani ya ce, "Ashe haka kake?" Gumi na zuba daga gemunsa. Na ji tausayinsa, amma ban matsa ko taku ɗaya ba. Wani dattijo mai rubuta lodi ya ce a Musulunci ma ƙazafi ga matar aure babban abu ne, kuma tun da ya zo da ƙafarsa ya janye, kowa ya kama bakinsa daga yau. Ya miƙa wa saurayin hannu, sauran suka bi. Ƙanena dai babu wanda ya miƙa masa.

Muka kamo hanya muka shigo Gusau. Ya so ya juya unguwarmu, na ce shagon walda.

Mijin na durƙushe kan wata ƙofar ƙarfe, wuta na tartsatsi. Ya gan mu ya kashe inji ya cire baƙin tabarau. Ƙanena ya faɗa masa a tsaye, a gajarce, don ya riga ya saba da kalmomin. Na ga hannun mutumin ya lalubi wani guntun rodi, na shiga tsakaninsu na ce in zai buga ya fara da ni. Ya saki ƙarfen. Ya tambaya, da wata irin murya da ban san shi da ita ba, "Mi na yi maka?"

Ƙanena ya ce, "Tun da ka yi aure ba mu ƙara cin abinci kwano ɗaya ba. In na zo, sai a ce ka tahi gida."

Shi ke nan dalilin. Na yi ta jiran wani abu mai nauyi, ko ya taɓa son yarinyar, ko wata tsohuwar gaba. Babu. Ƙato da gemu ya ji kishin an raba shi da abokin cin tuwo. Na rasa ko in mare shi ko in yi kuka, mijin kuwa ya juya mana baya ya dafa bango.

Ranar Lahadi bayan Misa na tsayar da mata a harabar coci kafin su watse, don su ne suka yi dakon maganar gida-gida. Ƙanena ya sake faɗa a gabansu. Waɗanda suka fi kowa yaɗawa su ne suka fi kowa salati da riƙe haɓa, har wata na cewa ita dama ba ta taɓa yarda ba. Na dube ta kawai. Na ce yadda kowace ta kai waccan, ta kai wannan ma, kuma zan bi in ji.

Tsafe ce ta rage. Mijin ya ce zai bi mu, ya sha wanka ya sa sabuwar shadda, har ya sa an share ɗakinta an wanke labule. A ransa ɗauko amarya za shi.

Muka tarar da ita a tsakar gida tana surfen gero, ɗaurin ƙirji, ƙasusuwan wuyanta a waje. Da ta ga waɗanda ke bayana sai ta tsaya, taɓarya a hannu. Ubanta, tsohon ma'aikacin asibiti ne mai sanyin hali, ya ji abin da ya kawo mu, ya ce a dakata. Ya aika aka kira ɗan'uwan nan nasa da aka tsegunta wa, da maƙwabta na dama da na hagu, Musulmi da Kirista, har gidan ya cika. Ya ce a gabansu aka ɓata ɗiyarsa, a gabansu za a wanke ta.

Ƙanena ya durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, ya faɗa. Wannan karon ban sa masa baki ba, bai kuma rage komai ba. Uwarta ta fashe da kuka. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Ita kuwa 'yata ta dube shi ta ce, "Kawu, tashi. Na yahe maka." Da sauƙi haka, har na ji haushin sauƙin.

Sai mijin ya matso yana murmushin jin kunya. Ya ce, "To, Allah ya kawo ƙarshen abin. Ki haɗa kayanki mu tahi tun da sauran rana."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Shi ya tahi ruga, ya tahi tasha, ya tsaya gaban mata, ga shi nan ƙasa. Kai ina ka tahi?"

Ya ce, "Ai ni ruɗi na anka yi. Ni ma zalunta ta anka yi."

Ta ce, "Awo, an yi maka ƙarya. Amma shi bai san ni ba sai daga nesa. Kai ka san ni. Ka san lokacin da nike hita, ka san lokacin da nike komowa, ka san warin nonon da ke jikin zanena. Ko tambayata ba ka yi ba. Ni ba so na yi a zo a hwaɗa maka ban yi ba. So na yi ka sani tun ba a hwaɗa maka ba."

Sai na ga duk idanu sun dawo kaina. Ni ce uwar aure, aikina a san shi: in ce ta yi haƙuri, in ce aure ba ya mutuwa, in ɗauko mata jaka. Ubanta ma ya ce a hankali, "Malama, ki sa baki." Kuma gaskiya ne, auren na nan, ban zo don in raba shi ba, ina kuma fatan in ga ta koma ɗakinta. Amma na yi ta jan mutum ɗaya gari-gari don ya maida abin da ya ɗauka, ba zan tsaya a nan in ce wa na biyun nasa ya wuce a banza don ya sa sabuwar shadda ba.

Na ce, "Ba yau ba."

Mijin ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "To mi zan yi?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ni ma da ka kore ni ba wanda ya hwaɗa mini yadda zan yi."

Ta juya ga turminta. Akwai wata taɓarya jingine da bango, na tuɓe gyalena na rataye a igiya na ɗauke ta. Ta ɗaga tata, na saki tawa, muka ci gaba da surfen, shi kuma yana tsaye a tsakiyar gidan.